Kukan Tanki Ranar Ayudha Puja

Kathiresan bai taɓa kiran ƙirƙirarriyar basira da sunanta ba. Boka yake ce mata. Hujjarsa ita ce, duk tsawon rayuwarsa abu biyu ya gani da ba sa iya cewa "ban sani ba", daga boka sai ita. In tsautsayi ya sa ka zauna kusa da shi a teburin mai kofi na ƙasan bene, to kofinka zai huce bai gama zaginta ba.

Mu nan garin Erode kowa ya san kamfanin Madam Selvarani. Manhajarsu ce ke kula da tankunan sanyaya madara a ƙauyukan masu shanu, ita ke kunnawa da kashewa, ita ke tayar da janareta in an ɗauke wuta. Kathiresan ne ya gina ta da hannunsa tun gashinsa yana baƙi. Yanzu ritaya ta zo masa, ƙarshen wata zai tafi, kuma Madam ta riga ta faɗa a gaban kowa cewa Ponni ce za ta gaji kujerarsa. Ponni kuwa 'yarsa ce ta cikinsa, ita kaɗai ya haifa.

Wani uban da sai ya raba alewa. Shi kuwa tsoro ne ya kama shi, tsoro na gaske mai hana cin abinci. Kullum ya wuce ta bayan teburinta sai ya ga Boka a buɗe. Ta rubuta layi ɗaya, Boka ya cika mata fuskar kwamfuta da rubutu kafin mutum ya ƙifta ido. Abin da ke cin ransa ke nan: yarinyar nan ta san aikin kuwa, ko dai kwashewa kawai take tana zubawa?

Sau ɗaya ya taɓa tambayarta, suna cin abinci a gida. Ya ce, "Kannu, in aka ƙwace miki abin nan, me zai rage a kanki?" Kannu sunan shagwaɓa ne, amma bai rage wa tambayar ɗaci ba. Ponni ta tashi ta wanke hannu, shinkafarta ko rabi ba ta ci ba. Daga ranar ta daina ce masa Appa, wato Baba, ta koma kiransa Saar, wato Yallaɓai, har a cikin gida, kamar a ofis. "Saar, ruwan wanka ya yi zafi." "Saar, an ce ka sha magani." Sai da uwarta ta shiga tsakani da faɗa kafin abin ya lafa. Shi ma gogan naka ya yi nasa fushin. Duk aikin da ta turo masa ya duba, sai ya danna amincewa ko buɗewa bai yi ba, yana gunaguni, "Boka ya rubuta, Boka ya karanta."

To, tambaya ta haramta, kwanaki kuma suna tafiya. Sai Ayudha Puja ta ƙarato, ranar da kowane mai sana'a ke wanke kayan aikinsa, ya shafa musu kwaɓin itacen sandal mai ƙamshi, ya rataya musu furanni, ya bar su su huta har wayewar gari. Direba ba ya taɓa sitiyari, tela ba ya taka keke. Kathiresan yana cikin goge tabarau dabara ta faɗo masa, har ya yi dariya shi kaɗai.

Ranar Lahadi ya hau babur da ledar kayan zaƙi ya tafi ƙauye wurin Arumugam, abokinsa tun na firamare, wanda ya daɗe yana sakataren ƙungiyar masu shanu kafin ciwon gwiwa ya zaunar da shi a gida.

"Abu ne mai sauƙi," in ji Kathiresan. "Ranar Puja da hantsi ka kira tarhon ofis. Ka ce tankinku yana kuka, jiniya ta ƙi yin shiru, madara tana ɗumi. Shi ke nan."

"Kai Kathir, tsufa bai hana ka tsiya ba. Wa kake son kamawa?"

"Jegan. Manajan nan mai taƙama da Boka."

Arumugam ya dube shi ta saman tabarau, ya ci gaba da taunar kayan zaƙinsa. Shi ma Kathiresan ya san ƙarya ya yi. Ina ruwansa da Jegan? So yake ya ga abin da Ponni za ta yi hannunta babu komai.

Ranar Puja ofis ya sha ado. An ɗaure kututturen ayaba a bakin ƙofa, an shimfiɗa jan ƙyalle a kan dogon teburin taro, an jera kwamfutoci a gaban hoton Saraswati, allahiyar ilimi, kowace da ɗigon sandal da jan gari a goshinta. Hatta tsohuwar na'urar buga takardu da kowa ke zagi ta samu sarƙar furanni. Madam Selvarani tana tsaye da tire na kafur, sanye da sari na alharini, tana shirin kunna wuta, sai Kathiresan ya yi gyaran murya.

"Madam, akwai kayan aikin da aka manta."

"Wanne kuma?"

"Wayoyi."

Matasan ofis suka kalli juna. Jegan ya yi dariyar nan tasa ta manyan mutane, wadda ba ta kai ido. Saurayi ne mai tsabta, gemu a gyare, ba ya buɗe baki sai ya ce an wuce wannan zamanin. "Haba Saar, waya ai ba kayan aiki ba ce. Ta kiran gida ce."

"Af! Ashe? Thambi, ƙanena, ba kai ne ka tara mu a ɗakin nan ka ce rabin aikin kamfanin yanzu a cikin aljihunka yake ba? Wanda ya fi kowa wahala shi za a hana hutu? Wannan zalunci ne. Shekara guda bawan nan yana amsa tambayoyinku, ko ruwa ba a ba shi."

Madam ta danne dariya. Mace ce mai riƙon al'ada, kuma ba ta ƙin ganin an takura wa Jegan kaɗan. "Gaskiyarsa. Ku kawo."

Aka yi ta ajiye wayoyi ana tsaki ƙasa-ƙasa. Kathiresan da kansa ya bi su yana ɗiga musu sandal, fuskarsa cike da ladabi kamar ba shi ba. Ponni ce ta ƙarshe. Ta ajiye tata kusa da kwamfutarta, ta yi wa ubanta wani dogon kallo, ta koma cikin mata.

Aka kunna kafur, aka zaga da shi, aka buga ƙararrawa. Aka fara rabon gugguru na shinkafa da mazarƙwaila, da dafaffen wake mai kwakwa a kofunan ganye. Kathiresan ya karɓi nasa amma ya kasa ci, idonsa yana kan tsohon tarhon da ke maƙale a bango. Shi ba a iya ɗauko shi zuwa teburi ba, sai aka shafa masa sandal a inda yake.

Tarho ya yi ƙara.

Madam ce ta ɗauka, ta saurara kaɗan, fuskarta ta canza, ta danna sifika don kowa ya ji. Muryar Arumugam ta cika ɗakin, har da rawar murya. Kathiresan bai taɓa sanin abokinsa ya iya wasan kwaikwayo haka ba.

"Wayyo Madam, mun shiga uku! Tanki yana ta kuka tun ɗazu, jiniya ta ƙi tsayawa, madarar safe tana ciki cike maƙil, na sa hannu na ji ɗumi! Matan ƙauye sun taru a kaina, ni tsoho ina zan sa kaina?"

Hannun kowa ya tafi aljihu, aljihu wayam. Wani yaro mai suna Velan har ya yi taku biyu zuwa teburin kafin Madam ta harare shi ya tsaya. Ta juya ta dubi Kathiresan, shi kuwa ya dafe ƙugu ya yamutsa fuska.

"Madam, ni ai na zama tsohon yayi. Ga masu zamani nan. Su faɗa mana me ke sa tanki kuka." Ya ɗauki gugguru ya watsa a baki, daɗi kamar ya kashe shi.

Matasa suka fara kame-kame. Wannan ya ce ko wuta ce, wancan ya ce ko janareta ne, babu mai ƙarasa magana. Kathiresan ya saci kallon Ponni. Tana tsaye jikin taga, kofin wake a hannu, ba ta ce uffan ba, ko motsi ba ta yi. Nan take daɗin ya gudu daga bakinsa. Shirun nan shi yake tsoro tun farko, ga shi ya jawo shi da hannunsa a gaban jama'a. Ya ji tausayinta, ya ji haushin kansa.

"Ina zuwa," in ji Jegan, ya dafe ciki ya nufi banɗaki.

Bai daɗe ba ya dawo, ciwon ciki ya warke, ƙirji a gaba. Sai a lokacin Kathiresan ya lura da agogon da ke hannunsa, irin mai jin magana yana amsawa. Kash! Ya tattara wayoyi ya manta da agogo.

"Na gano matsalar," in ji Jegan. "Ma'aunin zafi ne ya rikice bayan sabuntawar da aka yi, yana ba tanki labarin ƙarya, shi ya sa jiniya ta tashi. Kuma tunda sabuntawa ɗaya aka yi wa dukkan tankuna, sauran ma suna hanya. Mafita ita ce a kashe su gaba ɗaya daga nan, a sake tayar da su. Minti kaɗan ne." Ya zuba bayanin tiryan-tiryan, da na farko da na biyu da na uku, babu ko tuntuɓe.

"A banɗaki ka gano duk wannan, Thambi?" in ji Kathiresan.

"Tunani ba ya zaɓar wuri, Saar." Ya juya wurin Madam. "Na san al'ada, amma madarar mutane ta fi fure. Ki ba ni izini in ɗauki kwamfuta ɗaya."

Madam ta dubi hoton Saraswati, ta dubi tarho inda Arumugam ke ta wayyo-wayyo, ta ciji leɓe. Sai ta gyaɗa kai.

Kathiresan ya daina tauna. Shi ya san abin da Boka bai sani ba. Tsofaffin tankunan ƙauyukan kan tudu in aka kashe su daga nesa ba sa tashi da kansu, sai mutum ya je ya danna maɓalli da yatsa. Yau kuwa wa zai je? Duk masu kula da tankuna suna gida suna shafa wa baburansu sandal. Wasan da ya shirya don madarar ƙarya zai lalata madarar gaskiya, ta matan da suka tashi tun asuba suka tatsa. Ya buɗe baki zai tona wa kansa asiri, kunya ta hana shi. Jegan har ya ɗaga sarƙar furanni daga kan kwamfuta.

"Mayar da furen nan, Anna, yayana."

Ponni ce. Ba ta ɗaga murya ba, tana ma taunar wake.

"In ka kashe su daga nan, na kan tudu ba za su tashi ba sai an danna musu maɓalli da hannu. Kafin mu samu mai zuwa, motar ɗaukar madara kindirmo za ta tarar."

Jegan ya tsaya da fure a hannu. "Bai faɗi haka ba."

"Wa?"

Jegan ya sa hannun agogon a bayansa. Aka kwashe da dariya, amma ban da Kathiresan. Ido ya zuba wa 'yarsa. A ina ta san wannan? Ba a rubuce yake a ko'ina ba, sai wanda ya taɓa hawa tudun nan da ƙafarsa.

Ponni ta ajiye kofinta ta matsa jikin tarho. Tun tana ƙarama Periyappa take kiran Arumugam, kamar yayan ubanta.

"Periyappa, Ponni ce. Ina gwiwa?"

"Kannu, bar ta gwiwa, madara ce ke lalacewa!"

"Yanzu haka jiniyar tana yi?"

"Kunnena har ya toshe!"

"To ni ban ji ba. Matsa da wayar kusa da tankin in saurara."

Aka ji shiru, aka ji kamar ana jan kujera, aka ji raɗa. Can sai ga ƙara ta fito daga sifika: "Pom! Pom! Pom-pom!"

Kathiresan ya rufe ido. Wannan ba ya cikin abin da suka shirya. Tsohon banza, wa ya aike shi ƙari?

Ponni ta saurara da kyau, kai a karkace, kamar likita. Sannan ta juyo ta dubi ubanta, ido cikin ido, gefen bakinta yana rawa. "Periyappa, ci gaba da riƙe wayar, kada ka ajiye." Ta dubi Madam. "A ba ni garin shinkafar da ya rage na zanen ƙofa. Alƙalamin allo ma yana hutu yau."

Aka miƙo mata kwanon. Ta tattare sari ta durƙusa a tsakiyar ofis, ta ɗebi gari tsakanin yatsu kamar yadda mata ke zana ado a ƙofar gida kowace safiya. Amma ba fure ta zana ba. Ta zana tanki, ta zana ma'aunin zafi a cikinsa, ta ja layi zuwa akwatin da ke ba da umarni, daga nan ta raba hanya, ɗaya zuwa injin sanyi, ɗaya zuwa janareta. Tana zanawa tana bayani, wanne ke jiran wanne, wanne ke yin gaban kansa in layin sadarwa ya yanke. Matasa suka zagaye ta da kofunansu. Velan ya taka janareta, ta buge masa ƙafa ta sake zana shi.

"Nan," ta ɗiga gari a wani lungu, "nan jiniya take a da. Saar ne ya sa ta, kuma a lokacin dabara ce mai kyau. Amma da damina na zaga ƙauyuka, na tarar da abin da ba ya zuwa mana a kwamfuta. In jiniya ta tashi lokacin tatsa, shanu suna firgita su riƙe nono. To me kuke tsammani mutane za su yi? Sai su zare wayar akwatin gaba ɗaya daga soket. Jiniya ta yi shiru, injin sanyi ma ya yi shiru, kowa ya huta. Wata tsohuwa har cusa mata tsumma ta yi."

"Me kika yi?" in ji Madam.

"Na fara tambayar Boka." Ta faɗi sunan tana kallon ubanta. "Ya ce a ƙara wa jiniyar ƙarfi don a fi jin ta. Shi bai taɓa ganin saniya ba. Na cire ta daga manhaja gaba ɗaya." Ta share ɗigon garin da tafin hannu, ta ja sabon layi. "Yanzu in madara ta fara ɗumi, tanki yana kiran wayar mai kula da shi. In bai ɗauka ba, ya kira matarsa."

"Matarsa?"

"Tun da na sa wannan, babu wanda ya sake ƙin ɗauka."

Madam ta yi dariya har da riƙe ciki. Ponni ta miƙe ta karkaɗe hannu. "Saboda haka babu tankin da zai iya kuka a duk yankin nan, ko madarar tafasa take. Wanda kawai zai ce tanki yana kuka shi ne wanda ya daɗe bai je kusa da tanki ba." Ta ɗan tsaya. "Ko wanda ya daɗe bai karanta manhaja ba."

Daga sifika aka ji "Pom!" guda ɗaya, mai rauni. Sai muryar wata mata ta taso daga nesa, a fusace: "Kai tsoho, ba za ka mayar wa mai kifi hon ɗin kekensa ba? Mutum yana tsaye a rana yana jiran ka!"

Ofis ya kece. Arumugam ya yi tari, ya ce da muryarsa ta kullum, "Kathir, ni dai na yi iya yina. 'Yar nan taka ba ta kamuwa. Kayan zaƙin ma sun ƙare." Ƙit, ya ajiye waya.

Duk idanu suka dawo kan Kathiresan. Da ƙasa za ta tsage da ya shige. Madam ta goge hawayen dariya da bakin sari, ta haɗe rai da ƙyar. "Saar, da furfurarka? A ranar Puja? Saura ƙiris ka sa in saɓa al'ada a kan hon ɗin mai kifi. Kai za ka wanke ofis ɗin nan gobe, kai kaɗai."

"Na karɓa, Madam."

Jegan kuwa yana gefe, ya daina ɓoye agogo, yana yi masa raɗa. Velan ya leƙa ta kafaɗarsa ya karanta da ƙarfi don kowa ya ji. Jegan ya gaya wa Boka cewa tankin ba shi da jiniya. Boka ya ce lallai gaskiyarsa ne, ya yaba masa kaifin hankali, sannan ya kawo wasu sababbin dalilai da ke sa tanki mara jiniya kuka.

"Cire shi," in ji Madam. "Ɗora a teburi. A shafa masa sandal da yawa, ya sha wahala yau."

Jama'a suka sauka ƙasa don a fasa kabewa a bakin titi, a kuma sa lemon tsami a ƙarƙashin tayoyin babura, kamar yadda ake yi don kore sharri. Hayaniyarsu ta yi ƙasa da matakala. Aka bar Kathiresan da Ponni a ofis, da warin kafur da zanen gari a tsakaninsu. Tana ta tattara kofunan ganye, ta ba shi baya. Dariyar da ke bakinta ɗazu ta tafi.

"Ba Jegan ka ɗana wa tarkon nan ba," ta ce, ba ta juyo ba.

Ya yi niyyar musu, ya ga babu amfani. "A'a."

"Tun da ka ce a tara wayoyi na san da wani abu. Da na ji maganar jiniya na san ko mene ne. Shirun da na yi, jira nake in ga ko za ka tsayar da abin da kanka." Ta juyo, idonta ya yi ja. "Na turo maka aikin nan, Appa. Kwana da kwanaki ina gyara shi don na san kai za ka karanta, ina fargabar abin da za ka tsinto. Ko kofi ban gama zubawa ba na ga ka amince. Ka san yadda na ji? Da ka buɗe ka zage ni, da ya fi mini daɗi."

Kathiresan bai taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Shekara guda yana yawo yana cewa yaran zamani ba sa karanta abin da suke turawa, ashe babban mara karatun yana zaune a kujerarsa. Kuma a ƙarƙashin kunyar akwai wani farin ciki da ke neman fasa masa ƙirji, har ya rasa wanda zai fara ji. Yarinyar ta sani. Ta san tudun, ta san shanun, ta san abin da shi da ya gina manhajar bai sani ba.

Ya so ya ce ta yafe masa, bakin ya ƙi. Irinsu ba su iya wannan ba. Sai ya sunkuyar da kai yana kallon zanen. Ya bi layukan da ido, daga tanki zuwa akwati, daga akwati zuwa janareta, duk ya gane su, nasa ne. Amma akwai wani siririn layi da ya fita daga ma'aunin zafi, ya kewaya ta baya, ya koma cikin injin sanyi ba tare da ya bi ta akwati ba. Wannan bai san shi ba. Ya karkata kai ya sake dubawa, bai gane ba dai.

Ya dafa gefen kujera, gwiwoyinsa suka yi ƙara, ya durƙusa a ƙasa da fararen kayansa na Puja.

"Kannu, wannan fa? Me ya sa ya kewaye akwatin?"

"Tashi, Appa, za ka ɓata kayanka."

"Na ce me ya sa ya kewaye?"

Ta tsaya tana kallonsa, kofuna a hannu. "Da gaske kake tambaya, ko wani tarkon ne?"

"Ban sani ba ne," in ji Kathiresan. "Ban gane shi ba. Koya mini."

Ponni ta ajiye kofunan a kan kujera. Ta goge ido da bayan hannu, gari ya shafe mata kunci. Ta jawo kwanon, ta zauna a ƙasa kusa da shi ta tanƙwashe ƙafa.

"Matsa ka ba ni wuri," ta ce. "Kuma kada ka katse ni sai na gama."

Ya matsa. Ta ɗebi gari ta fara daga ma'aunin zafi.